Komowa Gida Lokacin Kirsimati: Darasi Daga Matafiya Uku

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, aka gama yankan dawa, aka kai dammuna rumbu, hankalin duk mai ɗa a ƙetare yakan koma kan hanya. Akwai namu a Maraɗi da Yamai, akwai masu aikin gini a Aljeriya da Libiya, akwai kuma 'yan kaɗan da karatu ko aikin jinya ya kai su Ingila da Amurka. Da yawansu ba su samun sararin zuwa gida sai hutun Kirsimati. A wasu wurare abin da ake shawara a kai shi ne kuɗin mota. A ƙasar Batsari da Safana kuwa, shawarar ta fi haka nauyi.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan hukumomin nan biyu suna bakin Dajin Rugu. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, suka kashe mutum wajen 30. Ranar 11 ga Disamba na shekarar, saura mako biyu Kirsimati, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankin, har waɗanda ke ƙetare suka yi watanni ba su ji muryar iyayensu ba. A shekarar 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana, wasu da suka yi gudun hijira suka koma gonakinsu. Mun gode wa Allah. Duk da haka, wanda ya taɓa sayar da gona don ya fanshi ɗansa ba ya sakin jiki da wuri.

Bari mu dubi matafiya uku cikin Littafi Mai Tsarki.

Na fari shi ne Yusufu Mai Tsarki, mijin Maryamu. A ƙarshen sura ta 2 ta Bisharar Matiyu, bayan mutuwar Hirudus, mala'ika ya umarce shi ya bar Masar ya koma ƙasar Isra'ila da yaron da mahaifiyarsa. Ya tashi. Amma da ya ji Arkilayus ɗan Hirudus ne ke mulkin Yahudiya, sai tsoro ya kama shi, aka kuma gargaɗe shi cikin mafarki, ya ratse zuwa Nazarat ta Galili. Tsoron nan yana da tushe, gama Arkilayus azzalumi ne, har Romawa da kansu suka tuɓe shi a shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu. Ku lura, Bishara ba ta zargi Yusufu da rashin bangaskiya ba. Ya tambayi labarin hanya, ya auna, ya sake masauki.

Saboda haka, ɗan da ya sauka Katsina ko Dutsin-Ma, ya aika aka kawo masa tsofaffinsa can, bai raina gida ba. Iyaye kuma kada su matsa da cewa sai ya kwana a ƙauye domin mutane su gani. Wanda zai shiga, ya fara jin ta bakin katikis ko mai unguwa, ya yi tafiyarsa da rana, kada kuma ya baza ranar zuwansa a Facebook.

Na biyu shi ne Yakubu, a Farawa sura 32 da 33. Shekara 20 ya yi wurin Laban, ya komo da arziki, amma zuciyarsa cike da fargaban ɗan'uwansa Isuwa wanda ya cuta. Sai ya tura kyauta gaba: awaki 220, tumaki 220, raƙuma 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30. Da suka sadu, Isuwa ya sheƙo ya rungume shi, suka yi kuka tare. Kyautar ma da farko ƙin karɓa ya yi, sai da Yakubu ya nace.

Nan ne batun tsaraba ya shigo. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. A 2024 ta haura 1,500. Na gida sun iya wannan lissafi sarai, abin da ba su lissafawa shi ne kuɗin haya da na abinci a can. Shi kuma baƙon, don kada a ce ya tafi a banza, sai ya ci bashi ya ɗauko hayar babbar mota, ya yi ta rabon kuɗi a ƙofar gida. A ganina wannan ba alheri ba ne. Bayan mako biyu zai koma inda ya fito, mahaifinsa ne zai saura da sunan uban mai kuɗi, a ƙasar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka sha jefa gidaje cikin kuka. Tsarabar da ta fi amfani ita ce wadda aka miƙa a cikin ɗaki: kuɗin makarantar ƙanne, buhun taki, ko bijimin noma a madadin wanda aka kora daji.

Ta uku ita ce Na'omi, a sura ta fari ta Littafin Rut, a wurinta kuwa ya kamata mu daɗe. Yunwa ce ta fitar da ita daga Baitalami zuwa Mowab, ita da mijinta da 'ya'ya maza biyu. Bayan kamar shekara goma ta komo, ta binne dukansu uku a baƙuwar ƙasa. Matan gari suka yi ta tambaya ko ita ce. Ta roƙe su su sake mata suna Mara, wato mai ɗaci. Ba ta zo da kome ba sai Rut, matar ɗanta, Bamowabiya.

Muna da irin Na'omi. Akwai wanda ya ratsa Agadas da burin Libiya, ya ƙare a kurkuku. Akwai wanda aka koro daga Aljeriya aka zubar a hamada kusa da Assamaka, ya iso da rigar wuyansa kaɗai. Wasu ma suna can, kewar gida tana cinsu, amma kunya ta hana su motsi, gama sun san tambayar da ke jiransu: me ka kawo? Uwa takan mutu tana duban ƙofa, ɗanta kuwa yana can yana tara kuɗin zanen da zai kawo mata. Ya ku iyaye da 'yan'uwa, ku aika musu tun yanzu cewa fuskarsu ake so a gani. Ta wurin Rut ɗin nan da Na'omi ta komo da ita aka haifi Obida, kakan Sarki Dawuda, daga zuriyar nan kuma aka haifi Yaron da muke yi wa biki, a wannan Baitalami ɗin.

Wanda ya iso kuma yana da nasa aikin. Kafin yawon gaisuwar biki, ya zauna da mahaifiyarsa ko yayarsa ta lissafa masa waɗanda suka rasu ba ya nan, ya bi gidajen ya yi ta'aziyya. Yawancin maƙwabtanmu a Batsari da Safana Musulmi ne, harsashi kuwa bai tambayi addinin kowa ba. Kada a tsallake ƙofarsu, ko a gaisuwa ko a rabon abincin biki. Wanda ya daɗe bai zo ba zai tarar ma ba ma ƙarƙashin Sakkwato yanzu, gama a 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katsina, aka keɓe Bishop Gerald Mamman Musa ya zama makiyayinta na fari.

Lahadin da ke bin Kirsimati ita ce Idin Iyali Mai Tsarki. Muna roƙon katikis na kowace majami'a ya tara jama'a bayan sujada a karanta surorin nan, a kuma ambaci sunayen waɗanda suka kasa zuwa bana, ɗaya bayan ɗaya, cikin addu'ar masu bi.