Darasin Kaya: Saiwar Bardok da Yadda Ake Gane Ta Kirki

Darasinmu na yau a kan wani tsiro ne na ƙasashen sanyi, watau Turai da Asiya, wanda ba a noma shi a gonakinmu. Turawan Ingila suna ce masa bardok, Japanawa suna ce masa gobo, Larabawa kuwa arƙiɗiyun. Mun kawo shi ne domin kayan busasshen magani yanzu ba su san iyaka ba, kuma wanda ya sayi abin da bai sani ba, kuɗinsa ya sa a caca.

Ku sani, tsiron nan shekara biyu yake yi. A shekarar farko ganye yake shimfiɗawa, manya-manya, saiwa kuma tana nitsewa ƙasa har ta kai mita 1, kimanin kamu biyu ke nan. A shekara ta biyu sai ya yi kara, ya fid da fure ja-ja mai shuɗi, daga nan ya yi 'ya'ya masu ƙaya da ke maƙale wa tufa da gashin dabba, kamar yadda ƙarangiya take yi mana. Amma fa ba danginta ba ne, ita ƙarangiya ciyawa ce.

To, ga inda kuɗin yake. Saiwar shekarar farko ita ce kaya. Da zarar tsiron ya yi kara, ya shanye abin da ya tara, saiwa ta zama itace, cikinta ya yi rami. Wanda aka sayar wa irin wannan, an ba shi kirare ne da sunan abinci.

Amfaninsa na farko ci ne. A Japan da Koriya da Sin kayan miya ne sosai. Lardin Aomori shi ne kan gaba wajen nomansa a Japan. Sukan yanka saiwar siri-siri, su tsoma a ruwa don kada ta yi baƙi, kana su soya ta da karas. A can ana sayar da ita iri biyu, mai ƙasa a jiki da wankakkiya. Mai ƙasa ta fi daɗewa a ajiye, wankakkiya kuwa saurin bushewa gare ta. Masu sayar da doya da dankali sun san wannan karatun.

Na biyu magani. Masu maganin gargajiya na Sin suna amfani da 'ya'yan don ciwon maƙogwaro, Turawa kuma sun daɗe suna dafa saiwar don ƙara fitsari da ƙurajen fata. A Ingila har abin sha ake yi da ita. Sai dai binciken likitoci a kan mutane kaɗan ne, don haka kada dillali ya rantse wa mai saye cewa tana warkar da kaza da kaza.

Na uku, ƙayar ma ta haifi kasuwa. A 1941 wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya duba ƙayar da ta maƙale wa karensa, ya ga ashe ƙananan ƙugiyoyi ne. Daga nan ya ƙago abin manne bakin takalmi da jaka mai suna Velcro, ya sami takardar mallakarsa a 1955. Ga masu kiwon tumaki kuwa hasara ce, domin ulun da ƙaya ta shiga farashinsa faɗuwa yake yi.

Yanzu sai gargaɗi, a kasa kunne. Saiwar bardok idan aka yayyanka ta aka busar, tana kama da saiwar baladona, wani tsiro mai dafi, dangin zaƙami. A 1978 likitoci a Amurka sun ba da labarin wanda ya sha shayin bardok na kanti ya kamu da alamun wannan dafi: baki ya bushe, ido ya dushe, hankali ya gushe. Ba bardok ɗin ne ya yi ɓarna ba, gauraye ne.

Saboda haka, idan aka kawo muku wannan kaya, ku tsare abu huɗu. Ku tambayi ƙasar da aka noma shi da wanda ya shirya shi. Ɗanya, ku zaɓi mai kauri bai ɗaya, mai tauri, wadda ba rami a cikinta in an karya. Busasshiya, ku guji mai fumfuna ko warin danshi. Gari kuwa da ba shi da suna ba shi da hatimi, ku bar shi a hannun mai shi ko da arha ce, domin gari ba ya faɗin asalinsa, ranar da ya cuci wani kuma wanda ya miƙa shi ake nema.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wasalam.