Sabuwar Java ba ita ce maganin kowane Minecraft ba

Gyaran kwamfuta da kula da saba shi ne aikina, kuma ƙorafin da matasa masu buga Minecraft suka fi kawo mini shi ne wasa ya ƙi buɗewa bayan sun saka masa mod, wato ƙarin da masoya wasan ke ƙirƙira da kansu. Kafin su iso wurina sun goge wasan sun sake saukewa, data ta tafi a banza. Wani ma har ya share kwamfutar gaba ɗaya. Wannan asarar tana damuna, domin sau da yawa wasan lafiyarsa ƙalau, Java ce ba ta dace da shi ba.

Minecraft na kwamfuta da ake saka wa irin waɗannan mod a kan Java yake tafiya, kuma kowace siga da Javar da take so. Daga 1.16.5 zuwa ƙasa, Java 8 ce. Da 1.17 ta fito a 2021 sai ta nemi Java 16, 1.18 ta nemi 17, sannan 1.20.5 ta 2024 ta koma 21.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne zaton cewa sabuwar Java za ta ɗauki komai. Masu mod da dama har yau suna kan 1.12.2 da Forge, manhajar da ke loda mod, saboda tarin ƙarin da aka gina a kanta. Forge na wancan lokacin ya dogara ne da yadda Java 8 ke loda fayilolinta, Java 9 kuwa ta sauya wannan tsarin a 2017. Ka ba shi Java 21, ko allon farko ba zai nuna maka ba.

Idan kuma Javar ce ta tsufa, saƙon da zai fito yana ɗauke da UnsupportedClassVersionError da lambobi biyu. Kada ka rufe shi, karanta. Cire 44 daga babbar lambar, amsar ita ce Javar da ake nema: 61 na nufin 17, 65 na nufin 21. Ƙaramar kuma tana gaya maka wadda kake da ita, 52 ke nan Java 8.

Shawarata, kada ka goge tsohuwa don ka saka sabuwa. Kwamfuta ɗaya tana zama da Java uku ba rigima. Manhaja irin Prism Launcher tana ba ka damar zaɓar wa kowane zubin wasa tasa. Mai saba shi ma ya rubuta cikakkiyar hanyar Javar a fayil ɗin da ke tayar da sabar, kada ya bar wa kwamfuta zaɓi.

Ina roƙonku kuma, ku riƙa sauke Java daga tushe sananne kamar Eclipse Temurin. Kwamfutocin da na cire wa ƙwayar cuta bayan an sauke “Java” daga shafin talla sun ishe ni darasi, kuma a cikinsu akwai waɗanda iyayen yaran ke ajiye takardun kasuwancinsu.