Na karya shaf da tayarod a duwatsun Mowab: abin da na canza a gaban motata da dalilin canzawa

Waɗanda suka kalli bidiyon makon jiya sun ga inda motar ta yi "ƙas" ta tsaya cak a kan dutse, sun kuma ga fuskata a lokacin. Tambayoyi sun yi yawa a kan me ya karye da me na saka a madadinsa, bidiyon minti goma sha biyar kuwa ba zai ɗauki bayanin ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi dalla-dalla.

Motar dai Jeep Wrangler ce samfurin TJ, irin wadda aka ƙera daga 1997 zuwa 2006, mai inji lita 4.0 da giyar hannu. Aksil ɗinta na gaba shi ne Dana 30. Lokacin da na saye ta tana kan taya inci 30. Ni da kaina na ɗaga ta, na ɗora mata taya inci 35, na canza giyar difaransha zuwa 4.56, na kuma saka mata makulli a difaranshan gaba, wato na'urar da ke tilasta wa tayoyi biyu su juya tare ko da ɗaya tana reto a iska. Duk wannan na yi shi ba tare da na taɓa shaf ko sandunan sitiyari ba. Ku riƙe wannan, domin nan ne tushen matsalar, kuma laifin nawa ne, ba na motar ba.

Mun je Mowab a jihar Yuta ni da wani abokina ɗan Kumasi, shi yana ƙasa yana nuna mini hanya da hannu. Tayar gaba ta dama ta shige wani tsagi tsakanin duwatsu biyu, sitiyari a murɗe har ƙarshe, makulli a kunne. Motar ta fara tsalle, yana ihu, "Mutumina, sauke ƙafa! Sauke ƙafa!" Ni kuma na ƙara taka totur. Tayar ta tashi tana juyawa a iska, ta dawo ta cafki dutse lokaci guda. Ƙarar da kuka ji ke nan.

Da muka leƙa, kuros ɗin shaf na dama ya tarwatse, kunnuwan shaf ɗin da ke riƙe shi sun buɗe, tayarod kuma ya lanƙwashe kamar baka, har tayoyin gaba suna kallon juna.

Bari in tsaya kan lissafin kaɗan, don in ka gane shi ba sai an gaya maka abin da za ka saya ba. Injin nan yana ba da ƙarfin murɗawa wajen Niyuton-mita 320. Giya ta ɗaya tana ninka shi kusan sau 4. Ƙaramar giyar hawan dutse tana sake ninkawa sau 2.72. Difaransha ta ƙara ninkawa sau 4.56. In ka haɗa, ƙarfin ya ninku kusan sau 50 kafin ya isa shaf. A kan yashi ko taɓo taya za ta sulɓe, ƙarfin ya tafi a banza, babu abin da zai karye. Amma dutsen Mowab kama taya yake kamar sanfefa. In taya ta ƙi sulɓewa, dole wani ƙarfe ya ɗauki nauyin.

Girman taya ma yana da nasa. Daga inci 30 zuwa 35, nisan da ke tsakanin tsakiyar taya da ƙasa ya tashi daga inci 15 zuwa 17.5, ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari. Kamar ka ƙara wa sifana tsawo ne da bututu, noti ɗin da a da bai motsa ba yanzu sai ya tsinke. Makulli kuwa shi ne ya ƙarasa aikin. In babu shi, difaransha tana raba ƙarfi daidai wa daida, kuma abin da taya mai riƙo ke samu ba ya wuce abin da mai sulɓewa ta samu. Da makulli, kusan duk ƙarfin aksil ɗin zai iya taruwa a shaf guda. Sannan kuros ya fi rauni lokacin da yake aiki a karkace, wato lokacin da sitiyari ke murɗe. Na tara masa duka a daƙiƙa ɗaya.

Yadda muka fito daga wurin darasi ne da kansa. Mun kwance taya da birki, muka cire notoci uku da ke riƙe hob, muka zaro shaf ɗin ciki da ya lalace, muka toshe bakin bututun aksil da tsumma don kada yashi ya shiga. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne ka cire guntun shaf na waje ka tuƙa motar haka. A wannan aksil, guntun nan da babban notinsa su ne ke matse boris ɗin hob wuri guda. In babu su boris na iya rabuwa, taya ta yi nata wuri kana tafe. Mun mayar da shi muka ɗaure. Tayarod kuma muka miƙar da shi da jak gwargwadon iko, muka lallaɓa zuwa gari a hankali. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwasa aka miƙar ya riga ya mutu, na isa gari ne kawai, ba na komawa babbar hanya ba.

To, da na dawo gida me na saka?

A ɓangaren shaf, na sayi na ƙarfen 4340, wanda ake kira kuromoli. Ƙarfe ne da aka haɗa da nikel da kuromiyam da molibdenam, lambar 40 ta ƙarshe kuma tana nufin yana da kabon wajen kashi 0.40 cikin ɗari. Amfaninsa shi ne yana iya murɗewa kaɗan ya dawo ba tare da ya tsage ba. Haƙoransa 27 ne kamar na asali, don haka ya shiga difaransha ba tare da canza komai ba. Amma abin da ya fi ja hankalina ba ƙarfen ba ne, ƴan zobban da ke riƙe hulunan kuros ne. Shaf na asali yana amfani da zobe mai siffar harafin C, wanda bai zagaye hular duka ba. In kunnuwan shaf suka ɗan buɗe ƙarƙashin nauyi, zoben ya fice, hular ta fara fitowa, daga nan kuros ya daki kunnen ya fasa shi. Sau da yawa abin da ake cewa "shaf ya karye" daga nan ya faro. Shaf ɗin kuromoli masu kyau an sassaƙa su yadda za su karɓi zobe cikakke mai zagaye hular gaba ɗaya. In za ka saya, tambayi wannan kafin ka tambayi farashi.

Kuros kuwa na saka Spicer 5-760X, wanda ba shi da kan zuba giris. Na san da yawanmu mun taso da cewa abin da ake iya yi wa giris shi ne mai kyau. A nan akasin haka ne: don giris ya samu hanya sai an huda cikin kuros ɗin, hudar kuma tana rage masa ƙarfi. Wanda ba a huda ba ya fi jure duka.

Akwai kuros masu tsada da suka fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, akwai ma shaf masu haɗin da ke juyawa sumul ko da sitiyari na murɗe. Na ƙi sayen su da gangan. Duk abin da ka ƙarfafa, raunin ba ya ɓacewa, matsawa yake zuwa na gaba da shi. Na gaba da kuros a nan shi ne babban giya da ƙaramin giya na cikin difaransha, kuma na Dana 30 ƙanana ne, faɗin babban bai wuce inci 7 da ɗan kai ba, alhali na Dana 44 inci 8.5 ne. Kuros zan iya canza shi a bakin hanya da guduma da soket. Haƙorin giya in ya karye, sai motar ja da bakanike wanda ya iya saita difaransha. Na gwammace mai arha ya riƙa mutuwa a madadin mai tsada.

Wajen mayarwa, abu biyu. Na farko, robar da ke tare man giya a wannan aksil tana can ciki kusa da difaransha, ba a bakin taya ba. In ka tura shaf da ƙarfi haƙoransa suka yage ta, sai ka kwance difaransha kafin ka canza robar. Ka goge bututun, ka shafa wa shaf ɗin mai, ka tallafe shi yana shiga a miƙe. Na biyu, babban notin hob mai girman milimita 36 ana ɗaure shi Niyuton-mita 237, notoci ukun baya kuma 102. Da sifanar awo, ba da tsalle a kan bututu ba. Kuma duk lokacin da kuros ya fashe, a duba boljoyin na sama da na ƙasa, domin gutsattsarin na dukan su. Nawa na ƙasa ya yi lako-lako, na canza duka huɗu.

Sai sitiyari. Tsarin TJ shi ne doguwar sanda ta taso daga akwatin sitiyari zuwa tayar dama, tayarod kuma ya maƙale a jikinta ya tafi tayar hagu. Tayarod na asali siririn bututu ne mai rami a ciki, ya wadatar wa ƙaramar taya a kan kwalta. Hanya mafi sauƙi da masu TJ suka daɗe suna bi ita ce saka tayarod na Grand Cherokee samfurin ZJ mai injin V8, na shekarun 1993 zuwa 1998. Shi curarren ƙarfe ne, kuma yana shiga ba tare da huda ko walda ba. Shi na saka, tare da sababbin kawuna. Akwai manyan saiti masu kauri da ke buƙatar a faɗaɗa ramin da kan tayarod ke shiga. Suna da kyau, amma in ka faɗaɗa babu komawa baya, kuma sandar da ba ta lanƙwasa ko kaɗan tana miƙa dukan ne kai tsaye ga akwatin sitiyari da inda yake ɗaure a jikin shasi.

Bayan canza tayarod dole a saita tayoyi. Motar na tsaye da nauyinta a ƙasa mai laushi ɗaya, ka auna tazarar tayoyin gaba ta gabansu da ta bayansu da tef. Gaba ya fi baya matsewa da kamar milimita 3. In ka gama wannan, sannan ka juya hannun rigar doguwar sandar har kan sitiyari ya dawo tsakiya. Kada ka fara da na biyun, za ka yi aiki sau biyu, na gwada.

Wani ya tambaya ko ƙaramin shokazoban sitiyari mai kauri zai magance girgizar nan mai ban tsoro da ke kama gaban mota in an taka rami da gudu. A'a. Ɓoye ta yake yi na ɗan lokaci. Ka sa mutum ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, tayoyi a ƙasa, kai kuma ka kwanta da tocila kana kallon kowace gaɓa. Wadda ta motsa kafin abokiyarta ita ce mai laifi. Ka fara da sandar da ke riƙe aksil kada ya zame gefe, noti da bushin ɗinta ne suka fi yawan jawo wannan. Tawa bushin ɗin ya tsage, ban sani ba sai ranar.

Ƴan'uwa da ke Chadi da Saudiyya da suka ce su Land Cruiser suke ja: tsarin tunanin ɗaya ne, sassan ne suka bambanta. A samfurin 80 da 70 babu kuros a bakin taya, haɗin Birfield ne a cikin ƙwallon ƙarfe cike da giris. In kana jin "ƙas-ƙas" lokacin kwana, ko ka ga man giya ya gauraye da giris yana tsiyaya a bayan taya, lokacin buɗewa ya yi. Shi ma abin da ke kashe shi bai wuce sitiyari a murɗe, makulli a kunne da ƙafa mai nauyi ba, musamman a ribas.

Abu na ƙarshe da na canza shi ne wanda ya fi yi mini zafi. Na sayar da tayoyin inci 35 na koma 33. Abokina ya yi mini dariya har da riƙe ciki, wai na tsufa. Amma in ina son 35 da makulli a kan dutse, gaskiyar magana aksil ɗin ne gaba ɗaya ya kamata ya tashi a sa Dana 44, irin wanda TJ Rubicon ya zo da shi tun 2003, kuma ba ni da wannan kuɗin a bana. Tsohon shaf na hagu da bai karye ba yana cikin akwatin kayan aiki tare da kuros guda da soket 36. A bidiyo mai zuwa za mu buɗe murfin difaransha tare mu ga ko haƙoran giya sun tsira daga dukan ranar, don har yanzu ban leƙa ba.