Kukan Jariri: Kafin A Kira Wanzami



A ɗakin duba yara inda nake aikin jinya, kusan kullum sai mai jego ta shigo idanunta jajur saboda rashin barci, ta ce, "Sista, yaron nan daga magariba yake tsala kuka, na ba shi nono ya ƙi, na goya shi ya ƙi." Galibi idan muka duba sai mu tarar lafiyarsa ƙalau, nauyinsa na ƙaruwa, yana fitsari, jikinsa ba zafi.

Kukan jariri yana da lokacinsa. Yakan fara yawaita daga mako 2 da haihuwa, ya kai maƙura wajen mako 6 zuwa 8, wato daidai lokacin da aka yi arba'in, 'yan taya jego sun watse an bar uwa ita kaɗai. Ya fi tsanani da yamma. Za ku ga yaro ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi ja. Da ya kai wata 3 zuwa 4, abin yakan lafa da kansa.

Wannan kukan ba ya kisa. Abubuwan da ake yi don a tsayar da shi su ne ke kawo mana yara rai a hannun Allah.

Sai kaka ta leƙa bakin yaro ta ce beli ne, a kira wanzami. Beli halitta ce, kowa da tasa aka haife shi. Na karɓi jinjirin da aka cire wa beli, jini na bin gefen bakinsa, tafin hannunsa ya yi fari fat, ko nono ya kasa kamawa, sai da aka yi masa ƙarin jini. Wani kuma askar ce ke sa masa tetanus, jikinsa ya sandare.

Haka dauri da jiƙe-jiƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. Zuma ma a dakata sai yaro ya cika shekara 1, domin takan ɗauko ƙwayar cutar da hanjin jariri bai da ƙarfin yaƙarta. Addu'a kuwa a tofa masa, ba sai an ɗura masa komai ba. Maganin kemis da ake saya ba tare da likita ya rubuta ba shi ma haɗari ne, mu tuna My Pikin, maganin haƙori da ya gurɓata a 2008, ya hallaka yara akalla 84 a Najeriya.

Abin da na fi tsoro shi ne jijjiga yaro cikin fushi. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. Girgiza ta 'yan daƙiƙu ta isa ta tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance, ko ya shanye, ko ya rasu. 'Yar'uwa, idan kika ji ranki ya kai wuya, kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida ki sha iska na minti 10. Ba ki yi laifi ba.

In ya fara kuka, ki ba shi nono, ki ɗora shi a kafaɗa kina shafa bayansa har ya yi gyatsa. Tuɓe shi gaba ɗaya ki duba: famfas ya jiƙe? Kaya sun yi masa yawa a zafin nan? Duba 'yan yatsunsa, don wani lokaci zare ko gashi ne ya naɗe ɗaya. Sannan ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, ko ki goya shi ki zagaya.

Amma idan jikinsa ya yi zafi, ma'auni ya kai 38 kuma bai cika wata 3 ba, ko ya daina shan nono sam, ko amai kore, ko jini a kashi, ko maɗiga ta kumbura, ko numfashi da ƙyar, ko ya yi laushi ba kuzari, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ku kuma maigida, don Allah ku daina cewa "ki fita da shi zan yi barci." Ku karɓi yaron ko na awa ɗaya ne, uwarsa ta runtsa.