Kafin Ka Sayi Katakon Kabon Na Ƙwallon Tebur

Ɗan wasan da ke son kai farmaki yakan ƙosa ya koma katakon da aka saka wa zaren kabon, don ƙwallo na fita da gudu kuma wurin bugu mai daɗi ya fi faɗi. Amma fara duba inda kabon ɗin yake zaune.

Idan yana daf da fallen waje, kamar a Viscaria na kamfanin Butterfly mai falle biyar na itace da biyu na kabon, wanda ɗan wasa Zhang Jike ya yi suna da shi, ƙwallo ba ta daɗewa a jikin roba. Tana tashi nan take. Wannan sai mai hannun da ya nuna, wanda ke tsayawa kusa da tebur. Idan kuwa kabon yana can ciki kusa da tsakiya, irin na katakon Innerforce, itacen ne ke fara karɓar ƙwallo, sai ka samu damar murza ta sosai, ƙarfin kabon kuma ya fito lokacin da ka saki hannu. Ni dai shi nake zaɓar wa duk wanda ya baro katakon itace zalla.

Nauyi tsakanin giram 85 zuwa 90 ya wadatar, tunda roba biyu za su ƙara nasu. Dokar hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta ce aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kaurin katako dole ya zama itace. A kula da jabu kuma, sun cika kasuwa. Ari na aboki ka buga kwana biyu tukuna.