Ɗaukewar al'ada: a yi hattara da maganin black cohosh

Mace kan daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Kafin nan, da yawa kan ji zafi ya taso musu daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa zane cikin dare, barci ya ƙaurace. A bazarar Ƙonni abin ya fi tsanani. Wannan sauyi ne na jiki, saboda raguwar sinadarin da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce.

Cikin magungunan da ake tallatawa a intanet don wannan matsala akwai black cohosh, saiwar wani tsiro da ke fitowa a dazuzzukan gabashin Amurka. Kalmar "na gargajiya ne" kan sa hankalin mata ya kwanta, amma ga abin da bincike ya nuna. A 2012 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi a kan mata fiye da 2,000, ba su sami hujjar cewa yana rage zafin ba. Tun 2006 kuma hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗin cewa yana iya taɓa hanta. A ƙasarmu da ciwon hanta nau'in B ya yawaita, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba, wannan gargaɗi ba na wasa ba ne.

Don haka, 'yar'uwa, idan kina da ciwon hanta ko kin taɓa yin sankarar mama, kada ki sha. Idan kin riga kin fara, sai kika ga idonki ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko kasala da tashin zuciya sun dame ki, ki daina nan take, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likita.

Don rage zafin kuwa, ki sa tufafin auduga marasa nauyi, ki rage yaji da shayi mai zafi da dare, ki ajiye ruwan randa kusa da shimfiɗa. In zafin ya hana ki sukuni, akwai magungunan asibiti da aka tabbatar da amfaninsu. Ki je cibiyar kiwon lafiya (CSI) mafi kusa, ko asibitin Ƙonni ko na Galmi.

Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada kuwa, kada ki nemi maganinsa a kasuwa. Ki je a duba ki cikin makon nan.