Akwatin Sa'a a Wasannin Intanet: Ka Yi Hattara da Aljihunka

Masu buga wasanni irin su PUBG Mobile, Free Fire da FIFA sun san akwatin sa'a: ka biya kuɗi, ka buɗe, sannan ka ga abin da ya fito. Wataƙila fitaccen ɗan ƙwallo ne, wataƙila tarkacen da kake da shi tuni. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kamfani ne ke tsara yawan fitowar kowane kaya, kuma yakan sa masu daraja su yi wuyar samu domin ka riƙa cewa "bari in ƙara ɗaya".

Hukumomi sun lura da haka. A 2017 China ta wajabta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane kaya. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna na kuɗi caca ne.

Kafin ka saya, duba alƙaluman da aka wallafa. Idan an rubuta kashi 1 cikin 100, kana iya buɗe ɗari ka tashi hannu rabbana. Ka fifita kayan da farashinsu ke a fili. Ka ƙayyade abin da za ka kashe a wata, kada ka bi sawun asara da sabon kuɗi. Iyaye kuma su cire katin banki daga wayar yara, su sa lambar sirri kafin kowane saye.

Idan wasa ya fara cin kuɗin cefane, lokacin ajiye shi ya yi.